Goggon da Take Juya wa Baƙuwarta Baya

Allah Ya ji ƙan Goggo, Ya yalwata mata makwanci. Na fara da addu'a ne saboda abin da zai biyo baya akwai faɗa a cikinsa, kuma ita ta koya mini cewa ko faɗa ne ya kai ka gidan mutum, sai ka yi sallama tukuna.

Ranar da ta rasu a Kurfi, kafin in sami mota daga Dutsin-Ma har an kai ta. Na tarar da tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zaure har gindin rijiya. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce "ya haƙuri", a amsa mata, sannan ta gyara zama ta ɗora da yabo. Wata ta ce Goggo mai haƙuri ce. Wata ta ce ba ruwanta da harkar kowa. Wata kuma, wadda na san ta yi shekara biyu ba ta tako gidan ba, ta ce ba a taɓa jin kan marigayiya da wani mahaluki ba. Ina zaune ina share hawaye, haushi kuma yana taso mini. Goggo ba ta da haƙuri. Da ruwanta a harkar kowa. An kuma sha jin kanta da mutane, ciki har da rabin waɗanda ke zaune a kan tabarmin nan. Yabon da ake yi mata irin wanda ake yi wa kowace gawa ne, ba a jikinta aka gwada shi ba.

Da yabon ne kaɗai da na kau da kai. Amma akwai wata magana da take yawo ƙasa-ƙasa, kuma a bakin Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita na ji ta sarai. Ta sunkuya wajen wata baƙuwa ta ce, "Allah dai Shi yahe mata abin da ta jawo ma unguwa." Baƙuwar ta gyaɗa kai, alamar labarin ya riga ya kai garinsu. Abin da suke nufi shi ne Goggo ta bar ƙofarta a buɗe ga Fulani a lokacin da kowa ya rufe tasa, kuma wai ta gidanta labarin gari yake fita zuwa wajen ɓarayin daji. Matar da ta haura tamanin ba ta ci amanar ko kaza ba, da wannan suna ake so a rufe ta. Ban yarda ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Goggo yayar mahaifina ce. Ina da shekara shida aka kai ni riƙo wurinta, ita ta tsaya kai da fata sai da na yi karatun koyarwa, ita kuma ta aurar da ni. Idan aka ce a faɗi abu ɗaya da aka san ta da shi, shayi ne. Ina nufin shayin Buzaye, baƙi mai kumfa, wanda ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi, a sha a finjali, wato ɗan kofin gilashin nan da bai wuce kurɓa huɗu ba.

Takan ba mu tarihin shayi a Kurfi kamar ita ta yi masa rakiya ya shigo. Ta ce lokacin tana budurwa, karin kumallo koko ne ko ɗumamen tuwo, shayi kuwa sai dai a ji ƙanshinsa daga gidan wanda ya je Makka ko wanda ya yi aiki da Turawa. Mijinta, wanda yake fataucin dabbobi zuwa Maraɗi, shi ya dawo da 'yar buta shuɗiya da finjali shida da ɗabi'ar da ya ɗauko wurin Buzaye. A zaure yake dafawa da abokansa, ita nata wankin buta ne. Da ya rasu aka zo rabon gado, kowa idonsa na kan gona da shanu, ba wanda ya kalli butar. Ta ɗauke ta ta shiga ɗaki, ranar da ta fita takaba ta hura gawayi a tsakar gida. Mata suka yi ta dariya, wai shayin Buzaye na maza ne. Ta ce, "Na duba gindin butar, ban ga an rubuta namiji ba." Goggo ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma ba wadda ta yi ƙarfin halin tuna mata.

A gabanta masu shayi suka kafa tebura a bakin tasha, da manyan kofuna da gwangwanin madara. A gabanta filas ya shigo gidaje, da ganyen nan na ƙulli mai zare da ake tsomawa a ruwan zafi. Wannan ta raina shi ƙwarai. "Wankin zare" take ce masa. In aka kawo mata a gidan biki sai ta karɓa don kada ta kunyata masu gida, ta kurɓa sau ɗaya, ta ce Allah Ya sa albarka, ta ajiye.

Shayinta zubi uku ne, kuma kowane zubi da aikinsa. Na farko mai ɗaci, a kansa gaisuwa kawai ake yi, ko gobara ta koro ka sai ka tambayi lafiyar yara da ta dabbobi. Na biyu shi ne na magana, nan ake kawo ƙara, nan ake neman shawara, nan ake faɗa. Na uku mai zaƙi, da na'ana'a a ciki, shi ne na yafe juna, kuma duk abin da aka faɗa a na biyu ba a sake tayar da shi. Ba a sha a tsaye. Ba a karɓa da hagu. Ba a hura shi da baki, in ya yi maka zafi ka jira. Kuma dole a ji kurɓarka, don a wurinta shan shayi shiru raini ne ga wanda ya dafa. Wanda ya ƙoshi sai ya kife finjalinsa a kan faranti, wanda ya kife kuwa ya gama, ko matar hakimi ce ba za a ƙara mata ba ranar nan.

Wata rana matar wani ma'aikaci ta biyo ni daga Dutsin-Ma don ta ga tsohuwar da nake yawan ba da labari. Goggo ta zuba mata. Baiwar Allah ta ciro hankici daga jaka ta goge bakin finjalin kafin ta kai baki. Goggo ta miƙa hannu ta karɓe abinta, ta tsiyayar a ƙasa, ta ce, "Hajiya, bakunanmu ne suka sha a nan shekara da shekaru. In su ne ba ki so, hankici bai iya hid da su." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau gaisuwarmu da matar daga nesa ce.

Haka take a kan kwanon tuwo. Ka ci gabanka, kada hannunka ya tsallaka gaban wani. Nama babba ke rabawa. Ba a tashi a bar babba a kan kwano sai an nemi izini. Amma dokar da ta fi tsanantawa a kanta ita ce ba a kallon bakin mai ci. Na sha ranƙwashi a kan wannan tun ina ƙarama. Takan ce wanda ake kallo ba ya ƙoshi, ko ya cinye kwanon. Na ɗauka ladabi ne kawai irin na tsofaffi, sai daga baya na gane inda ta samo shi.

Wurin Dada ta samo shi. Dada Bafulatana ce mai sayar da nono, daga wata ruga ta wajen Ɗantutture. Duk ranar kasuwar Kurfi takan biyo ta ƙofar gidanmu da ƙwarya a ka. Yaran gida suka ji 'ya'yanta na ce mata Dada suka ɗauka, har Goggo ma ta bi su. Ita kuma Mai Buta take ce wa Goggo.

Farkon haɗuwarsu da rikici aka yi shi, Goggo da kanta take ba da labarin tana dariya. Ta ga mace ta taho tun safe a ƙasa, leɓɓanta sun bushe, ta ce ta shigo ta huta, ta zuba mata shayi ta miƙa. Dada ta kau da kai ta ce, "Mi haari." Hausa take yi tsaf, amma wannan kalma ɗaya da Fillanci take faɗinta, ma'anarta na ƙoshi. Mako ya zagayo, aka sake miƙa mata, ta sake cewa ta ƙoshi. A mako na uku Goggo ta fusata, ta ce wannan girman kai ne, nononta muna sha amma shayinmu ƙazanta ne. Ta dangwarar da finjalin a gefen tabarma ta tashi korar wata akuya da ta sa kai a cikin gero. Da ta dawo sai ta tarar da finjalin wayam, Dada kuwa tana kallon sama kamar ba ita ba.

"Nan na gane," in ji Goggo. "Ashe ba shayina take ƙi ba, idona take ƙi."

Kunya ce irin tasu. Bafulatanar da ta sami tarbiyya ba ta ci ko sha a gaban wanda ba nata ba, ko yunwa za ta kayar da ita, kuma "na ƙoshi" a bakinta ba ya nufin cikinta ya cika. Goggo ba ta ce mata ta daina ba, ba ta kuma yi mata wa'azin cewa ai duk ɗaya muke ba. Tun daga ranar, sai ta zuba, ta ajiye finjalin a gefen Dada, ta juya ta fuskanci bango. Sai ta ji kurɓa ta ƙare, ta ji gilashi ya taɓa faranti, sannan ta juyo a ci gaba da hira. Haka suka yi fiye da shekara arba'in. Baƙon da ya shigo ya ga tsofaffi biyu a tabarma ɗaya, ɗaya ta ba ɗaya baya, sai ya ɗauka gaba suke yi. An sha zuwa yi musu sulhu.

Abu ɗaya Dada ba ta taɓa yi ba, ba ta taɓa kife finjalinta ba. Ko bayan zubi na uku a tsaye take barinsa. Da Goggo ta koya mata dokar, sai ta ce, "Mai Buta, in na kihe, da wane dalili zan dawo?" Shi ke nan ya zama nasu. Goggo ta ware wannan finjali, mai ɗan tsagu a baki, ba ta ba kowa shi.

Ni ma an taɓa juya mini bayan nan. Lokacin da ɗana na fari ya rasu yana da wata bakwai, na zo gida na kwana biyu ban zub da hawaye ba, saboda duk inda na waiga ido ne a kaina, kowa na cewa in yi tawakkali. Rana ta uku da hantsi Goggo ta kore kowa daga gindin darbejiya, ta hura gawayi, ta zuba mini, ta juya ta fuskanci bango. Na yi kuka har shayin ya huce a hannuna. Ba ta juyo ba sai da ta ji na kurɓa. Da ta juyo cewa ta yi, "Kin bar shi ya yi sanyi, kawo in sake maki." Ban taɓa samun wanda ya yi mini ta'aziyya kamar wannan ba.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda duk mutumin ƙasarmu ya san su. Aka fara kore shanu, aka koma ɗaukar mutane, gonakin nesa suka gagari masu su. Ɗan Hajiyar maƙwabta a gona aka kashe shi, yana tsakiyar shekarunsa, ya bar 'ya'ya huɗu. Ba zan taɓa raina wannan ciwo ba, na san yaron tun yana rarrafe. Amma ɓarayin nan ba su tambayi Dada yarenta ba ranar da suka kore shanunsu kaf, suka kuma harbe ɗanta da ya bi sawu. Rugar ta watse, ta dawo gefen gari ta raɓa wurin wani ɗan'uwansu. A daji an cinye ta, a gari kuma aka daina sayen nononta, aka daina amsa sallamarta. Ƙofa ɗaya ta rage mata a Kurfi.

Nan magana ta tashi. Wai me tsofaffin nan suke tattaunawa duk mako? Wai don me ake juya baya, in ba wani abu ake miƙawa a ɓoye ba? Ladabin da aka shekara arba'in ana gani ana dariya, rana ɗaya ya zama shaida a kansu.

Yaya, babban ɗan Goggo, mai sayar da hatsi a kasuwa, shi maganar ta fi ci, don a rumfarsa ake yi masa habaici. Ina gida ranar da ya shigo a fusace. Ya tsaya a kanta ya ce, "Inna, magana na zo mu yi."

"Zauna."

"Sauri nike."

"To tahi, in ka gama saurin ka dawo."

Ya zauna. Ta zuba na farko. Ya buɗe baki, ta ce, "Ya iyali? Ya kasuwa? Ƙahwar ɗiyarka ta warke?" Haka ya haɗiye maganarsa ya amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, gumi na keto masa. Sai da aka zuba na biyu ta ce, "To, hwaɗi."

"Inna, ki hana matar nan shigowa. Gari shina magana. Ni ake nunawa da baki."

"Wace mata?"

"Bahillatar nan."

"Wadda ta goya ka ta kai ka asibitin Dutsin-Ma ran da maciji ya sare ka, bayan rasuwar ubanka? Ita kake nuhi, ko wata?"

"Wancan lokaci daban, Inna. Yanzu ba a san na kirki ba."

"Kai ne ba ka sani ba. Ni na sani. Na ba ta baya shekara arba'in, ko allura ban nema na rasa ba. Kai ko yini guda kana iya ba abokan kasuwarka baya?"

Ya ce in wani abu ya faru a unguwa gidan nan za a fara ƙonawa. Ta ce to a zo a ƙona, amma a yi sallama. Ya ɗauki finjalinsa ya kife da ƙarfi har faranti ya yi ƙara, ya miƙe. Ta bi shi da kallo ta ce, "Ka kihe kahin na uku." Bai waiwayo ba. Ya ci gaba da aiko mata da hatsi da cefane har ta rasu, ban zalunce shi ba, amma bai sake zama a tabarmar shayinta ba.

Kada in wanke kaina. Ni ma tsoro ya kama ni. Akwai lokacin da na yi wata uku ban hau hanyar Kurfi ba, kuma wata rana a waya na ce mata, "Goggo, ko za ki ɗan rage, har abubuwa su lafa?" Ta ce, "Ke ma?" Ta miƙa wa wanda ya ara mata wayar abinsa. Wannan kalma biyu tana nan a ƙirjina, kuma ban sami zaman da zan nemi gafararta a kai ba.

Ranar sadakar uku da hantsi, gida ya fi kullum cika. Matar Yaya ce ke kula da baƙi, ta jera filas huɗu na wankin zare da kofunan roba. Sai aka ji sallama a bakin zaure, murya ƙasa-ƙasa. Dada ce, ba ƙwarya a kanta, sai sanda. Ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Mutum biyu ko uku ne suka amsa, ni da wasu tsofaffi. Ta raɓa ta zauna a ƙasa kusa da turmi, ba wadda ta matsa mata a tabarma. Ta ce, "Ya haƙuri." Mata suka shiga kallon juna.

Matar Yaya ba muguwa ba ce, kuma ba a gidan ta girma ba. Ta ga baƙuwa, ta tsiyaya shayi a kofin roba ta je ta tsaya a kanta ta miƙa. Mata fiye da talatin suka zuba wa bakin Dada ido.

Dada ta kau da kai. "Mi haari."

"Kun gani ko?" in ji Hajiyar maƙwabta, ba ta ko rage murya ba. "Ko ruwan gidan ba ta iya sha. Da cikinta hwari ne da ta sha."

Aka fara gunaguni. Na ga Dada ta kai hannu ga sandarta. Na san in ta fita ta wannan zaure a haka, ta fita ke nan, kuma maganar da za a riƙa yi a Kurfi ita ce ko aminiyar marigayiya ta ƙi shan sadakarta saboda ta san abin da suka ƙulla. Na miƙe. Na ce, "Dada, dakata mani kaɗan."

Na shiga ɗakin Goggo. Butar tana inda take, a cikin kwando ƙarƙashin gado, da finjalan a naɗe cikin tsumma. Na fito da su, na ɗauko murhun gawayi na waya, na shimfiɗa tabarmarta a gindin darbejiya. Matar Yaya ta ce, "Malama, ga hilas nan cike." Na ce na gani. Shayin Buzaye ba ya dahuwa da gaggawa. Na hura gawayi, na zuba ganye, na jira ya tafasa, na sauke, na mayar. Kusan rabin sa'a ina ta fifita. Wata ta leƙa waje ta kira Yaya. Ya zo ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Mi kike yi haka cikin mutane?" Na ce, "Yaya, in magana za ka yi ka zauna, ba a yi a tsaye. Kuma wanga na hwarko ne, gaisuwa kaɗai ake yi." Ya daɗe yana kallon butar uwarsa, sannan ya koma wajen maza.

Na kama hannun Dada na kawo ta tabarma. Na ɗaga butar sama na tsiyaya har kumfa ta taso, hannuna bai kai na Goggo ba, kaɗan ya zube a faranti. Na ajiye mai tsagun a gefenta. Na juya na fuskanci bango.

A bayana na ji Hajiya ta ce, "Ni ban iya kallon wanga abu." Na saci kallo ta gefen ido. Ta ja mayafi ta juya mana baya, fuskarta a murtuke. Ta kusa da ita ta bi ta, sai ta gaba, sai ta gaba, tabarma bayan tabarma. Don su nuna ƙi suka yi, na sani. Amma a cikin gidan nan, a gaban wannan mata, ba abin da ya fi shi zama girmamawa, kuma ba su sani ba. Ina cikin hawaye dariya ta kusa ƙwace mini. Na ce a raina, Goggo, ga su nan duka kin sa su a layi.

Sai na ji kurɓa. Doguwa, mai ƙara, irin wadda Goggo take so. Ta biyu. Ta uku. Sannan gilashi ya taɓa faranti.

Na juyo. Finjalin a kife yake.

Tun ina yarinya ban taɓa ganin gindin wannan finjali a sama ba. Dada ta riga ta dafa sanda za ta tashi. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Mai Buta ta tahi, ɗiyata. Na gode."

Na san dokar, a kanta na girma, wanda ya kife ya gama. Na kuma san abin da kifewar nan take nufi. Na miƙa hannun dama na ɗauki finjalin na tayar da shi tsaye.

"Ba a ƙara ma wanda ya kihe," in ji Dada. "Ita ta ce."

"Ita ta ce uku ne. Guda kika sha."

"Za su tsane ki."

"Sun tsane ta, ga su nan sun cika mata gida."

Na mayar da buta kan wuta, na ƙara ruwa da sukari. Dada ba ta zauna daidai ba, ba ta kuma tashi ba, hannunta na kan sanda har ya dahu. Na tsiyaya na biyu, na ajiye a gefenta, na sake juyawa na fuskanci bango. Wannan karon na daɗe. Na ƙirga tsagun da ke jikin katangar, na ji akuya tana kuka a waje, na ji wata ta tashi ta ɗauki takalmanta ta fita. Ban san ko Dada ce ba, kuma ba ni da ikon waiwayawa.

Sannan na ji kurɓa.

Allah Ya gafarta wa Goggo, Ya sa ta tarar da inuwa da ruwan sanyi. Ya yafe mini "ke ma" ɗin nan. Wanda kuma ya ce muku mai haƙuri ce, ku tambaye shi ko ya taɓa zama har zubi na uku.